Ranar da na fitar da Janar motsa jiki

Likitan dabbobi ne ya jawo min, duk da dai shi gaskiya ya faɗa. Na kai Janar allurar haukan kare, aka ɗora shi a sikeli ya buga kilo 31, likita ya kalli sikelin ya kalle ni yace "Malam, karen nan bai kamata ya wuce 25 ba, yana motsa jiki kuwa?" Nace sosai ma Likita, kullum sai ya tashi daga ƙarƙashin tebur ya koma ƙarƙashin gado. Bai yi dariya ba. Yace in dinga fita da shi wuri mai fili inda zai yi gudu ya shinshina abubuwa, sannan ya ɗan saci kallon tumbina yace ni ma ba zan yi asara ba.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, ina ta dannar waya a Google Maps ina neman wuraren da ake barin kare ya shiga. Na samo uku, wurin shaƙatawa ɗaya, bakin teku, da wata hanyar ƙafa da ta hau tsauni. Na ɗauko biro da takarda na tsara su harda lokaci, kuma don tsabar zalama nace duk ranar Asabar zamu gama su. Karen da ya shekara biyu bai yi tafiyar minti goma a jere ba fa.

Wurin shaƙatawar a intanet an rubuta wai ana maraba da karnuka, abinda ban duba ba shine wanda ya rubuta hakan shekara huɗu kenan da rubutawa. Muna isa mai gadi ya tare mu. "Oga, katin rigakafi?" Na zaro da alfahari. "Igiyar nan mita nawa ce?" Nace biyar, irin mai maɓalli ɗin nan da take miƙewa ta naɗe kanta. Ya nuna min allo, ƙasa can da ƙananan haruffa, kada igiya ta wuce mita 2, banda wajen wasan yara, banda kan ciyawa, banda gefen tafki. Nace to Yallaɓai ina ya rage? Ya nuna min wani siririn lungu tsakanin katanga da inda ake ajiye motoci. "Leda fa?" Nace ledar me? Kafin ya bani amsa Janar ya amsa masa, ya zagaya sau biyu ya tsuguna dab da takalmin mutumin ya sauke abinda ya tara tun jiya, yana kallona ido cikin ido. Ba leda, ba tishu. Da takardar tsarin tafiyar nan na kwashe, mai gadi na tsaye yana duba aikina kamar mai sa maki.

Bakin teku kuwa nan ne aka yi ta. Ashe ba duka bakin ake barin kare ba, ɓangare guda an killace shi saboda akwai tsuntsayen da a kan yashi suke saka ƙwai, kare ɗaya ya isa ya tarwatsa musu gida, to sai can ƙarshe aka ware wa masu karnuka, kuma sai ka taka. Rana ta take tsaka. Muna shiga yashi Janar ya fara ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, yana tsalle-tsalle, nace kai jama'a dubi murna, har na ciro waya ina ɗaukarsa bidiyo. Sai wata dattijuwa da ɗan mitsitsin karenta ta tsaya tace "Yaro, ɗora bayan hannunka a yashin nan ka ƙirga bakwai." Na ɗora. A uku na janye ina yarfe hannu. Tace "To kai da takalmi, shi da me?" Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba shiri na sungumi kilo 31 na ruga da shi har inda yashi yake da danshi, ƙafata na nutsewa, bindinsa na marina a fuska.

Na kwance masa igiya. Janar bai taɓa ganin teku ba, ya tsaya ya yi wa ruwan haushi, ruwan ya ja da baya, shi kuma ya ɗauka tsoronsa aka ji ya bi shi da gudu, sai ga wata igiyar ruwa ta dawo ta kifar da shi. Daga nan gaba ta ƙullu. Duk wacce ta zo sai ya kai mata cizo, kuma duk cizo da kurɓa. Gorar ruwa da kwanon da na siya musamman suna can cikin mota, mota kuma tana can inda ko hangota bana yi. Dattijuwar nan ta sake biyowa tace ruwan teku kowace lita akwai gishiri wajen giram 35, idan ya cika ciki da shi gishirin zai jawo ruwa cikin hanjinsa, in shirya. Nace to Mama na gode, a raina ina cewa wannan mata akwai sa ido.

Ina cikin wannan sai na neme shi na rasa. Can na hango ƙafafu huɗu a sama. Birgima yake, da iya ƙarfinsa, yana goga wuya yana goga kafaɗa, fuskar nan cike da annashuwar da ban taɓa gani ba tunda na san shi. Mushen kifi ne, wanda ina kyautata zaton ya kwana uku a rana. Ana ta yabon hancin kare, cewa ƙwayoyin jin ƙanshinsa sun ninka na mutum sau da yawa, to da duk wannan baiwar abinda ya zaɓa ya shafa kenan. Na kira sunansa ya taso da gudu, amma ba wajena ba, wajen wasu mutane da suka shimfiɗa tabarma suna hutawarsu, ya tsaya a tsakiyarsu ya girgije jiki tun daga kunne har bindi. Na iso ina haki ina cewa ku yi haƙuri wallahi baya cizo. Maigidan ya goge fuska, ya shinshina hannunsa, yace "Bawan Allah ai gara ya cije ni."

Maganar Mama ta tabbata minti ashirin da tada mota, a kujerar baya. Ba zan yi bayani ba. Gilasai huɗu a sauke muka ƙarasa.

Duk mai hankali gida zai wuce daga nan. Ni nace ai saura ɗaya, kuma la'asar ta yi gari ya yi sanyi. Allon bakin hanyar ya nuna kilomita 4 zuwa da dawowa. Da farko Janar ne ke jana, kowane dutse sai ya shinshina, kowace bishiya sai ya sa mata hannu, har na fara jin kaina irin mutanen nan na hotuna. Muna dab da kaiwa sama ya nemi inuwa ya kwanta, harshe waje yana haki kamar injin da ya kusa bugawa. Na ja igiya, ko gezau. Na lallashe shi, na yi masa tsawa, na yi kamar na tafi na ɓuya bayan dutse, da na leƙo ma ya lumshe ido. Nan na kira likita. Da na zayyana masa ranar tun daga safe sai ya yi shiru, sannan yace kare baya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, ga shi na bar shi ya yi zawo ruwan jikinsa ya ragu sannan na hau da shi tsauni. Yace in bashi ruwa kaɗan-kaɗan, in jiƙa masa ciki da ƙafafu, kuma kar ya ƙara taku ɗaya. Nace to Likita yaya zamu sauko? Yace "Wannan kuma tsakaninku."

A kafaɗa na saɓo shi, ƙafafun gaba a hannun dama na baya a hagu, cikinsa mai warin kifi a kan ƙeyata. Masu hawa suna hango mu suke matsawa gefe, da farko na zata girmamawa ce. Wani yaro ya tambayi babansa wai waye yake fitar da wani yawo.

A gida wanka uku na yi masa, na yi biyu. Wajen goge shi na ci karo da kaska, biyu cikin kunne, ɗaya a hammata, ɗaya tsakanin yatsu. Har na ɗauko ashana sai na tuna in sake kiran likita, yace kar in kuskura, ba wuta ba mai, in sa hantsaki in kama ta dab da fata in ja a miƙe a hankali kar in matse cikinta. Na cire huɗu, ina murna na gama, na zauna zan miƙe ƙafa na ga ta biyar a bayan gwiwata.

Bayan sati muka koma asibitin. Aka ɗora Janar a sikeli, 31 da rabi. Likita ya daɗe yana kallon lambar, sai yace in hau ni ma mu gani. Na sauke kilo biyu.