Ba sukari ke sa kunun zaƙi ya yi zaƙi ba

Akwai wani bidiyo da aka yi ta turawa, na wata baiwar Allah da ke koya wa mata kunun zaƙi. Ta sheƙa tafasasshen ruwa a kullu, tururi na tashi, nan take ta juye ɗanyen kullun da aka markaɗa da dankali da tsiron shinkafa a kai. Da ta ɗanɗana ta ji salam, sai ta ce a ƙara sukari. Wallahi raina ya ɓaci. Koko ta dama ta sa masa sukari, kuma ga mutane can suna ta yi mata sambarka.

Jama'a, zaƙin kunun zaƙi daga cikin hatsin yake fitowa, kuma zafi ne ke fito da shi ko ya kashe shi. A cikin tsiro da dankalin Hausa akwai wani sinadari da ake kira amiles, aikinsa ya narkar da sitacin gero ko dawa ya mayar da shi sukari. Shi ya sa za ki ga kunu mai kauri ya tsinke da kansa bayan an haɗa. Sinadarin nan yana aiki sosai tsakanin digiri 60 zuwa 70. Da zarar zafi ya haura 80, ya mutu, ba ya dawowa. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. To ki gaya mini, Hajiya, me ya rage a tsiron da kika juye cikin tururi?

Tafasasshen ruwan dole ne, don sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen 70 ko sama. Amma bayan an dama sai a dakata. A juya, a bari ya huce kaɗan, sannan a zuba ɗanyen kullun, a rufe ruf, a lulluɓe da bargo ko tsohon zane don ɗumin ya daɗe. Dakatawar nan ita ce sana'ar baki ɗaya.

Na san za a ce kakanninmu ba su san wani digiri ba. Ba su san lamba ba, amma sun san jira, suna taɓa jikin roba ko ƙwarya su gane lokaci ya yi. Ke da ba ki da wannan hannun, sayi ma'aunin zafi na girki, ba ya kai kuɗin sukarin da kike asara. Wata ta ce mini masu saye ba sa ganewa. Suna ganewa mana! Harshe ya san zaƙin da ke da ƙanshin tsiro da citta da kanumfari, ya kuma san wanda ke tsayawa a maƙogwaro.

Lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya a 1988, kamfanonin lemun malt sun koma kan dawarmu, kuma ba su wasa da ma'aunin zafi ko na minti ɗaya. Mu masu dawar ne muke ganganci da ita.

Kuma kada a wuce gona da iri wajen bari ya kwana. Nan Sakkwato, a bazara, zafi na haura digiri 40. Kunu ya huce ya zauna a irin wannan yanayi, tsami ne zai kama shi kafin hantsi. A tace da wuri a kai wajen sanyi.

Tunda ana maganar, ku masu ɗura kunu a gorunan roba da yara ke tsintowa wuraren biki, don girman Allah ku bari. Daga Mabera har Runjin Sambo abin da ake yi ke nan, a ɗauraye da ruwa ɗaya a cika. Ba ku san bakin wa ya taɓa su ba, kuma yaran makaranta ne suka fi saye.