Busasshen dabino ma yana lalacewa

Da yawa daga cikin masu sarin dabino da zabibi a Gombe sun ɗauka cewa tunda kayan busassu ne, ko shekara suka yi a shago ba abin da zai same su. Ba haka ba ne, kuma wannan tunani yana cinye jarin mutane.

Dabinon Agadas mai ƙarfi, wanda sai ka sa haƙori sosai, shi ne mai jure ajiya. Amma mai laushi, irin Ajwa ta Madina ko Deglet Nour da ake shigowa da shi daga Aljeriya da Tunisiya, da sauran ruwa a jikinsa. A can cikin ɗakin sanyi ake adana shi. Idan ya iso nan aka jibge kwalayen ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu, sai ya fara tsami. Da damina kuma ya sha danshi ya yi fumfuna. Tsaga ɗaya ka duba wajen ƙwallon: baƙin gari-gari alamar fumfuna ce ko ƙwari.

Don haka kafin ka biya kuɗi, karanta ranar da aka zuba shi a kwali, ka buɗe na ƙasan tari, kada ka tsaya kan wanda dillali ya miƙo maka.