Haushin Kaza Huce Kan Dami: Nasiha Ga Masu Zagin 'Yan Wasa

Jiya da daddare wani bidiyo ya faɗo mini a Facebook, har yanzu raina bai huce ba. Wani matashi ne, da ganinsa bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya gama kallon kashin ƙarshe na zangon 2020 na Doctor Who, shirin nan na BBC da jaruminsa, Dakta, ke yawo tsakanin zamanin da ya wuce da mai zuwa cikin wani shuɗin akwatin 'yan sanda. Ko sunayen ma'aikatan shirin ba su gama wucewa ba ya kunna kyamara. Jijiyoyin wuya sun miƙe, yawu na fantsama, yana dukan tebur har kofin da ke gefensa ya kife. Abin da ya tunzura shi, wai marubucin ya sauya asalin Dakta, ya ce ba ɗan duniyar da aka daɗe ana faɗa ba ne.

To, wannan ra'ayi ne, kuma ba shi kaɗai sauyin ya ɓata wa rai ba. Da a nan ya tsaya da ban ce uffan ba. Sai ya bar labarin ya dira kan Jodie Whittaker, matar da ta fito a matsayin Dakta. Ya zagi fuskarta, ya zagi muryarta, ya haɗa da iyayen da suka haife ta. A ƙasan bidiyon kuwa sa'o'insa sun yi layi suna zuga shi, wannan ya ce "ka burge ni", wancan ya ce "ƙara mata".

Ƙannena, don Allah me baiwar Allah nan ta yi muku? Takarda aka miƙa mata ta haddace, ta tsaya inda aka ce ta tsaya, ta faɗi abin da aka rubuta. Chris Chibnall ne ya rubuta labarin, kuma shi ma ɗin aikinsa za a soka, ba uwarsa ba. Haushin kaza huce kan dami ke nan. Kuma abin ba yau ya fara ba. Tun 2017 da aka sanar mace ce za ta karɓi matsayin, wasu suka fara jifanta da baƙaƙen maganganu, alhali ko kashi ɗaya na zangonta ba a nuna ba. Da aka sanar da Ncuti Gatwa a matsayin sabon Dakta a 2022, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan, sai wasu suka koma kan launin fatarsa. Mutum bai ga aiki ba ya yanke hukunci, ya kuma yanke shi da ashar. Wannan ba son shiri ba ne, rashin tarbiyya ne da ya samu waya.

Abin dariyar ma, shirin da kuke haƙilo a kansa sauyi ne ya raya shi. A ranar 23 ga Nuwamba 1963 aka fara nuna shi. Da rashin lafiya ta ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, a 1966, masu shirin ba su rufe shi ba, sai suka ƙirƙiro dabarar cewa Dakta yana iya sabunta jikinsa ya fito da wata fuska, Patrick Troughton ya karɓa. Ba don wannan dabarar ba, da ko sunansa ba ku taɓa ji ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi. Kai da ka yarda akwati ƙarami ya fi girma daga ciki, ka yarda mutum yana da zuciya biyu, ka yarda ya je ya gaisa da mutanen da suka mutu shekaru ɗaruruwa, sai a kan mace ko baƙar fata hankalinka ya ce wannan ba zai yiwu ba?

Ban ma taɓo masu tona ƙarshen labari ba. Mutum ya riga kowa kallo, jiki na rawa ya garzaya ya rubuta wanda ya mutu da manyan baƙaƙe, don kawai a san ya gani. Ga masu kwana ido biyu suna musu da wanda ba su taɓa gani ba, gari ya waye su tafi aji ko wurin aiki suna gyangyaɗi. Waɗannan a bar su sai wata rana. Zagin nan shi ya fi ci mini rai, domin magana zarar bunu ce. Za ka huce, wataƙila ma ka sake kallon kashin nan ka ga bai kai munin da ka zata ba, amma bidiyon yana nan, wani ya riga ya ajiye. Dakta ne ke da akwatin komawa baya, kai ba ka da shi. Baki shi ke yanka wuya, kuma wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Ba na cewa ku yi shiru. Ku yi suka, ku ce labarin ya yi rauni a kaza, ya saɓa wa abin da aka faɗa a baya. Ku dai bari zuciya ta sauka tukuna, ku ji tsoron Allah a kan mutuncin mutane.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. BBC ta dakatar da shirin a 1989, bai dawo sosai ba sai 2005, in ban da fim guda a 1996. Duk tsawon shekarun nan masoyansa ne suka riƙe shi da mujallu da tarurruka da labaran da suke rubutawa da kansu. Kafin nan ma, lokacin da BBC ke goge tsofaffin kasa-kasai don sake amfani da faifan, abin da ya sa har yau fiye da guda 90 daga cikinsu sun ɓace, wasu yara ne a Ingila suka riƙa kara rikoda a jikin talabijin suna ɗaukar sauti, suna roƙon 'yan gida su yi shiru. Da kaset ɗinsu ake jin muryoyin kasa-kasan da hotonsu ya salwanta. Wani kuma ya yi ta bin tashoshin talabijin ƙasa-ƙasa har aka gano guda 9 daga cikin waɗanda suka ɓace a Jos, aka sanar a 2013. Su ma fa suna da kasa-kasan da ba su so, suna kuma faɗa. Amma sai mutum ya zauna ya ɗauki biro, ya rubuta wasiƙa da gaisuwa a sama da sunansa na gaskiya a ƙasa, ya kai gidan waya, kafin ta isa ma fushin ya tafi. Yau kuwa yaro na da kowane kashi da ya tsira a tafin hannunsa, bai nemo ba, bai adana ba, bai jira shekara 16 ba, kuma ko cikakken sunansa ba ya iya sa wa a ƙarƙashin zagin da ya yi.