Sukar hukuncin alƙali ba raina kotu ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk wanda ya soki hukuncin alƙali ya raina kotu, alhali sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayinsa. Abin da doka ta hana shi ne ƙin bin umarnin kotu, ko yi wa alƙali barazana, ko jifansa da zargin cin hanci ba tare da hujja ba. Alƙalai kan yi kuskure, shi ya sa aka tanadi ɗaukaka ƙara: a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kotuna biyu da suka tsige gwamnan Kano. Mai ƙorafi a kan halin alƙalin babbar kotu kuwa, Majalisar Shari'a ta Ƙasa zai kai kokensa a rubuce.