Samarin Zango, Ku Daina Yi Wa Tsoffin Reluwe Izgili

Jiya da daddare ɗan ƙanwata ya miƙo min waya yana ƙyaƙyata dariya, wai in kalli bidiyon da yaran zangonmu na Sekondi, a nan ƙasar Gana, suka ɗora a TikTok. Sun hau wani tsohon tarago da tsatsa ta cinye. Ɗayansu ya shafa toka a gemu, ya ranƙwafa a kan sanda, yana hura usur yana tari, wai shi tsohon ma'aikacin reluwe ne mai jiran fansho. Sauran suna ihu, "Baba, jirginka ya iso!" Wallahi raina ya ɓaci.

'Ya'yana, ba barkwancin nake ƙi ba. Mu ma mun yi wasan jika da kaka, mun yi na taubasai, amma wanda ake tsokana yana zaune ana dariyar tare da shi. Naku kuwa izgili ne, kuma da mutanen da suka gina garin da guminsu.

Kun san taragon da kuke tsalle a kansa? Daga nan Sekondi aka fara shimfiɗa layin dogo a 1898, ya kai Tarkwa a 1901, ya shiga Kumasi a 1903. Ta kansa koko da katako suka riƙa saukowa bakin teku, har da goron da fatakenmu ke ɗorawa a jirgin ruwa zuwa Legas. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, sai harka ta fara komawa can, garinmu ya soma ja da baya. Duk da haka a 1961 ma'aikatan reluwe da na tasha suka tsaya ƙyam, suka yi yajin aiki saboda kuɗin da gwamnatin Nkrumah ta ce za a riƙa yanka daga albashinsu. Irin waɗannan mazan kuke kwaikwayon tarinsu? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Mai shafa tokar nan fa, na tabbata har yau mahaifiyarsa ke saya masa data. Haka kuke raba dare a caca ta waya, gari ya waye kuna barci, sannan ku fito ku yi wa wanda ya shekara talatin yana sammako dariya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku ji tsoron Allah, ku gyara.

Da muna yara, in tsohon direban jirgi ya biyo layinmu da hularsa mai baƙin mai, ƙwallo muke dannewa da ƙafa mu durƙusa har ya wuce. Yau irinsa yana zaune a ƙofar masallaci, jikokinsa suna wucewa da waya a hannu, ko sannu babu.