Tsakanin Mpape da Maitama

Jiya a wajen mai shayi aka tayar da zancen wariyar launin fata a Amurka. Wani dattijo ya ce, "Can ta matse musu, mu nan ai duk baƙaƙe ne." Ban musa masa ba don girmansa, amma maganar ta hana ni barci.

Abin da aka yi wa baƙaƙen Amurka ba ƙarami ba ne. A Tuskegee, daga 1932 har 1972, hukumar lafiyar gwamnati ta bar ɗaruruwan baƙaƙen maza da ciwon tunjere ba magani, wai ana nazarin yadda yake cin jiki. A Flint, garin da baƙaƙe suka fi yawa, an sauya musu ruwan famfo a 2014, yara suka yi ta shan gubar dalma. Ba a bi mutanen Flint ɗaya bayan ɗaya ba. Garinsu kawai aka duba, aka ga ba mai faɗa a ji.

To, mu ma mun san wannan. Bature ya keɓe wa kansa unguwa, ya bar fili na yadi 440 tsakaninsa da 'yan ƙasa, wai kada sauronmu ya cije shi. Ya tafi, mun gaji taswirarsa.

A Mpape nake zaune, a gefen Abuja. Daga kan tudunmu ana hango fitilun Maitama, unguwar masu hannu da shuni, ras. Mu kuwa ƙurar fasa dutse ce ke kwanciya kan tagogi, ka share da safe, da la'asar ta dawo. 'Yata ta fi wata biyu tana tari. Ruwa kuma sai wajen 'yan garuwa, ba ka san daga inda aka ɗebo ba.

Bara naƙuda ta kama matar maƙwabcina cikin dare. Da ƙyar muka samu mota. A asibitin da muka je, tana durƙushe tana salati, ma'aikaciyar na ta jero mata tambayoyi da Turanci. Da ta kasa amsawa sai aka yi tsaki: "Ku mutanen nan, sai abu ya ɓaci kuke zuwa." Allah ya sa ta sauka lafiya. Ba wanda ya tambayi nisan da muka taso.

A nan Abuja fa shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi harkar lafiya. Mai masaukin baƙin har yau bai cika ba.

Gobe zan sake kai yarinyar kemis.