Hafsoshin Turkiyya da awon imani a bariki

Tsawon shekaru, hafsan sojan Turkiyya mai neman ƙarin girma ya san abin da bai kamata a gan shi da shi ba. Idan matarsa tana ɗaura kallabi, ba a barinta ta shiga wuraren shaƙatawa na sojoji, shi kuma sai a sa masa ido. Majalisar ƙoli ta soja, wadda ke zama kowane watan Agusta domin duba ƙarin girma, ta sallami hafsoshi da dama bisa zargin tsananin riƙo da addini, musamman bayan 28 ga Fabrairun 1997, lokacin da janar-janar suka matsa wa Firaminista Necmettin Erbakan lamba har ya sauka daga mulki. Hujjarsu ita ce su ne masu gadin tsarin raba addini da mulki da Mustafa Kemal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya bari.

A ganina, wannan awo bai taɓa wuce tufafi da abin da ido ke gani ba. Rundunar da ke ɗaukar 'ya'yan Musulmi ba za ta cire musu imani da takardar umarni ba, iyaka dai ta koya musu ɓoye shi, kuma wanda ya fi iya ɓoyewa shi ne zai yi gaba. Su kansu manyan ba su tsaya kan magana ɗaya ba, domin Janar Kenan Evren da ya yi juyin mulkin 1980 yakan jawo ayoyin Alƙur'ani a jawabansa, kuma tsarin mulkinsa na 1982 ne ya wajabta darasin addini a makarantu. Da aka yi yunƙurin juyin mulki ranar 15 ga Yulin 2016, gwamnati ta ɗora alhakin a kan mabiyan malamin addini Fethullah Gulen da ke cikin rundunar, shi kuma ya musanta, amma zargin kansa yana nufin duk tankaɗe da rairayar da aka yi ba su tsare komai ba.

Yanzu reshe ya juye da mujiya. Tun 2017 an halatta wa sojoji mata ɗaura kallabi, wanda gyara ne da ya dace. Sai dai a watan Agustan 2024, wasu sababbin laftanoni sun ɗaga takubba bayan bikin yaye su suna cewa su sojojin Mustafa Kemal ne, kuma a farkon 2025 aka kori biyar daga cikinsu tare da kwamandoji uku. Laifin da aka rubuta musu shi ne rashin ɗa'a, wato kalmar da a da ake rubutawa a takardar korar hafsoshi masu salla.